Tsanwaka marar dogon sili a gonakin Saga: baƙuwa ce daga Turai ko ɗiyar bana?

Ɗan Saga

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka fi ni ido a kan wasu tsuntsaye da ke gonakin shinkafa na Saga, nan Yamai, a wannan mako na ƙarshen Agusta, tsakanin babban kanal da bakin kogi.

Ta farko tsanwaka ce. Tana zama bisa wayar lantarki daga ƙarfe 7 zuwa wajen 9 na safe, ta sauka ta cafke fara ta koma. Bayanta ruwan ƙasa ne, kai da ƙirji shuɗi amma dusashe, kamar rinin da ya sha wanki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wutsiya: dogayen silin nan biyu da aka san tsanwaka da su babu su, wutsiyar a datse take. Mai irin wannan wutsiya a littafi ita ce ta Turai, Coracias garrulus, wadda ba kasafai ake ganinta a Yamai ba. Shin ita ce?

Na biyu, cikin garken shamuwa kimanin 40 da ke kiwo a filin da ruwa ya kwanta, akwai guda biyu da baƙinsu ba ya sheƙi, ya fi kama da ruwan ƙasa mai duhu, kuma fuskar babu shuɗin nan. Ko baƙar shamuwar Turai ce, Ciconia nigra?

Na uku ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ne masu tsinin baki, biyar ko shida, suna tsince-tsince a taɓo. In sun tashi wasu na nuna farin ƙugu, wasu ba sa nunawa.

Kayan aikin jumel ne, wato madubin hangen nesa, 8x42 da salula. Tazarar mita 30 zuwa 40. Hotunan sun fito baƙi ƙirin don rana na gabana. Me zan duba gobe in Allah ya kai mu?

Mai Jumel

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki tsanwaka, sauran na bar wa masu su.

A fara duba wata tukuna. Ƙarshen Agusta daji cike yake da ƴan bana: tsakin da aka ƙyanƙyashe tun shigowar damina sun bar sheƙa, sun kai girman iyayensu, amma ba su sa kayan iyayen ba. Manyan kuma gashinsu ya tsufa, wasu sun soma zubarwa. Tsanwakarmu ta gida, Coracias abyssinicus, tana saka ƙwai a kogon icce daga bazara zuwa farkon damina, ɗiyarta kuwa tana fitowa babu dogayen silin kwata-kwata. Launinta ma dusashe ne, da ƙasa-ƙasa ko tsanwa-tsanwa a kai da ƙirji, daidai yadda ka kwatanta. Babba ma in tana sake gashi, ko silin ya karye wajen shiga da fita kogo, da gundulalliyar wutsiya za ka gan ta. Rashin sili shi kaɗai ba ya kai mutum Turai.

Fiffike ne ke raba gardama, kuma sai ta tashi. Ka tsaya inda rana ke bayanka, wato da safe ka kasance gabas da ita kana duban yamma. A Yamai yanzu rana na fitowa wajen 6:40, saboda haka daga 7 zuwa 8:30 hasken na kwance, yana dukan tsuntsu a gefe, launi na fitowa yadda yake. Jira ta sauka kamun fara. Lokacin da take gangarowa daga waya za ka ga saman fiffike a buɗe. Manyan gashin fiffike, na tsini da na gefen baya, in shuɗi ne mai duhu kamar shunin marina, ta gida ce. In baƙi ne wuluk, ya yi iyaka mai kaifi da shuɗin sararin samaniya na tsakiyar fiffike, to nan ne za ka soma tunanin ta Turai. Wurare biyu ake zamewa a nan. Na ɗaya, a yi hukunci da ƙasan fiffike, alhali ta Turai ma ƙasan nata shuɗi ne mai duhu. Na biyu, a duba rana na gaba: kowane shuɗi mai duhu baƙi yake zama a ido da hoto, shi ya sa hotunanka na yau ba za su taimaka ba ko an ƙara musu haske.

Sai kai da baki. Ta Turai tsawonta santimita 29 zuwa 32, kuma duk jiki ne: ƙaton kai, kaurin wuya, baki mai nauyi, in ta zauna kamar ƙaramin hankaka mai shuɗin riga. Ta gida 28 zuwa 30 ne ban da silin, wanda ke ƙara mata wajen 12, kuma siririya ce, kanta ƙarami. Fuskar ta gida tana da haske, fari ya kewaye gindin baki, ya hau goshi, ya sauka haɓa. Ta Turai farin kaɗan ne, baƙin zanen da ke bi ta ido ya fi fitowa. A jikin ɗiyar bana wannan alama ba ta fita tas, don haka ita ce ta uku a wurina, bayan fiffike da siffar kai.

Ka kuma dubi maƙwabtanta. Tsanwaka ba ta son kishiya a wayarta, tana kora. In akwai babba mai sili kusa, ta ƙyale wannan ta zauna, ko ka ga wannan tana karkaɗa fiffike tana buɗe baki in babbar ta kamo fara, to uwa ce da ɗiya.

Ba cewa nake ta Turai ba ta ratsa ƙasarmu ba. Waɗanda aka ɗaura wa na'urar bin sawu a Spain da Faransa sun ƙetare Sahara, sun yada zango a Sahel, musamman wajen tafkin Chadi, kafin su wuce kudancin Afirka. Amma sai ƙarshen Agusta da Satumba suke barin can, saboda haka daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ya fi dacewa a sa musu ido. A wannan mako, a Saga, ɗiyar bana nake zato har sai fiffike ya ƙaryata ni.

Akwai ƴan'uwanta biyu marasa sili da ke zuwa da damina, kada su ruɗe ka: Eurystomus glaucurus, gajeren baki mai faɗi rawaya, jiki ja-ja, da Coracias naevius, ƙatuwa, mai farar gira da fararen zane-zane a ƙirji. Babu wadda ke da shuɗin kai a cikinsu.

Malamar SVT

Sannunku da aiki. Batun shamuwa mai sauƙi ne, Malam, alama ɗaya ta isa. Jira su tashi ka dubi baya. Shamuwarmu, Ciconia abdimii, daga tsakiyar baya zuwa gindin wutsiya fari ne fat, babba da ƙarama duka. Ciconia nigra bayanta baƙi ne tun daga wuya har wutsiya. Dukansu farin ciki gare su, shi ya sa duban ciki ba ya raba su.

Girma ma ba ya ɓuya in suna tare. Tamu wajen santimita 75, waccan 95 zuwa 100, za ta ɗara garken da kai da wuya, ga dogon baki ja da jajayen ƙafafu in babba ce. Kai kuwa ba ka ce biyun sun fi sauran girma ba. Baƙi marar sheƙi da fuska marar shuɗi kayan ƴan bana ne. Shamuwa ta iso tun Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa bisa kuka da gawo da dogon yaro a tsakiyar gari, yanzu ɗiyan sun bi iyaye kiwo. Ta Turai sai an shiga kaka take isowa, kuma ba ta son mutane, ba za ta shiga garke a gonar da ake aiki ba.

Tun da ana maganar ƴan bana, a ƙara shirwa, don ita ce ta fi jawo rubutun kuskure. Shirwar da ke cika sararin Yamai da damina babbarta baki rawaya ne gaba ɗaya, ido mai duhu, kai launi ɗaya da jiki. Ta Turai bakinta baƙi ne, rawaya a gindinsa kawai, kai fari-fari da zane, ido mai haske. Matsalar ita ce ɗiyar tamu ma baƙin baki gare ta. Na Turai kuwa suna ƙetare mashigin Jibralta tun daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, don haka ba za a ce ba su iso ba. In tsuntsun na da ɗigo-ɗigo masu haske a baya da zane a ciki, ɗan bana ne, a rubuta shirwa kawai a wuce. Babba mai farin kai da farin ido kaɗai ya cancanci a sa masa Milvus migrans na Turai.

Ɗan Kogi

Malam Ɗan Saga, na ukun nan su ne baƙin gaske a cikin tambayarka, ko da yake ba su da wuyar gani. Tsuntsayen taɓo su ke fara dawowa daga arewacin Turai da Rasha, manyansu tun Yuli da Agusta, ƴan banansu na biye a Satumba. Yadda ka ce wasu da farin ƙugu wasu babu, iri uku nake tsammani, dukansu tsakanin santimita 19 da 24.

Marar farin ƙugu Actitis hypoleucos ne. Gajerun ƙafafu, gindi ba ya daina lilo sama da ƙasa, farin ciki ya kutsa sama tsakanin ƙirji da kafaɗa kamar an cusa yatsa. In ya tashi dab da ruwa yake bi, fiffike a sanƙare yana kaɗawa kaɗan-kaɗan yana tsayawa, da farin layi a tsakiyar fiffiken. Ya fi son gefen kanal na siminti da duwatsu.

Masu farin ƙugu biyu ne, su ne ke wahalarwa. Tringa glareola shi ya fi yawa a gonar shinkafa: dogayen ƙafafu rawaya-rawaya, baya ruwan ƙasa da ɗigon fari da yawa, farar gira ta wuce ido har kusan ƙeya, ƙasan fiffike mai haske, in ya tashi yatsun ƙafa na zarce wutsiya, kukansa cif-if-if a sauti ɗaya. Tringa ochropus ya fi duhu, kusan baƙi, girar ta tsaya a gaban ido, ƙirji mai duhu ya yanke kaifi da farin ciki, ƙafafu tsanwa-tsanwa. Ƙasan fiffikensa baƙi ne, in ya tashi sai ka ce baƙi da fari kawai. Shi kaɗai yake zama ko su biyu, a lungun kududdufi ko lambatu, ya tashi da ƙara tuluwit-wit-wit yana haurawa sama. In ka ga garke a sarari cikin shinkafa, glareola ne kusan kullum. Ƙasan fiffike ya fi komai tabbas, amma daƙiƙa biyu kawai ake samu, don haka ka sa jumel a kansu tun kafin su tashi, kada ka ɗaga bayan sun tashi.

In ka ga wasu ƙanana ƙwarai, girman gwara, santimita 13 zuwa 15, to dubi ƙafa: baƙa Calidris minuta, rawaya-tsanwa Calidris temminckii, wanda kuma gefen wutsiyarsa fari ne fat. Sai dai taɓo na shafe ƙafa. Yanzu kogin Isa na cikin jan ruwa, wanda Gorouol da Dargol da Sirba ke kwararowa da shi a Agusta da Satumba, lakar ja ce, tana rina ƙafa da ciki har da baki. Farin tsuntsu sai ya koma ruwan goro a ƙasa. Jira ya shiga ruwa mai tsabta ya fito, ko ka dubi cinya sama da inda laka ta kai.

Cikar kogin nan ce ma ta sa kake ganinsu a gona. Tsibiran yashi sun nutse, babu wurin tsayawa a kogi, sai su tattaru a fegin da aka yi wa kaftu ba a dasa ba, ko wanda ruwansa bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba. Fegin da shinkafa ta rufe ba su da aiki da shi. Ka zagaya bisa dik, wato tudun da aka yi don tare ruwa, ka nemi fegi mai laka a buɗe, ka zauna ƙasa don kada siffarka ta fito a sama, ka ba su minti 15, da kansu za su matso.

A kula da ruwan. A Satumba 2020 ya mamaye Saga da Lamorde da Kirkisoye, kuma dik da ruwa ya jiƙa yana zaftarewa ba sanarwa. A sa bot, kada a taka ruwan kanal da ƙafa tsirara saboda tsargiya. Dorina na fitowa kiwo da dare, wani lokaci gari na wayewa ba ta koma ba. In ka ga sabon sawu a laka, tambayi manoma da masunta kafin ka bi ta cikin burgu.

Ɗan Saga

Allah ya saka da alheri. An duba yau daga gabas, ƙarfe 7:20. Saman fiffiken tsanwakar shuɗi ne mai duhu, ba baƙi ba, kuma akwai babba mai sili a turke na gaba, ba ta kore ta ba. Shamuwa biyun duk farin baya gare su, girmansu ɗaya da sauran. Na taɓo huɗu masu dogayen ƙafa rawaya da gira har ƙeya, ɗaya mai lilon gindi a gefen kanal.

To yanzu, in waɗannan na kullum ne, waɗanne ne suka cancanci a fita nema daga yanzu zuwa ƙarshen Satumba?

Ba'adare

Madalla, ƙanena, ka yi aiki mai kyau. Ni ta wajen Tawa zan ba ka amsa, kuma ra'ayina shi ne an cika sa ido ga baƙin Turai a wannan lokaci, alhali waɗanda ba a rubuta su sosai ba su ne ƴan Afirka masu bin ruwa, da ke haurowa daga kudu da damina su koma kafin kaka ta ƙare. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a Janairu ake yin ta, lokacin waɗannan sun daɗe da tafiya.

Tabkin Tabalak, wajen kilomita 50 daga Tawa a hanyar Agadas, da na Ɗan Dutsi, duka biyu sun shiga jerin Ramsar, wato jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, a 2005. Amma da marka ba tsakiyar babban tabki ake duba ba, don ruwa ya bazu ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu. Ƙananan tabkuna na ɗan lokaci ake bi, waɗanda ruwa ya shanye gindin bagaruwa da ciyawa, da ramukan da aka ɗebi ƙasar gudron.

Na farko a nema Ixobrychus sturmii, ƙaramin zalɓe da bai wuce santimita 30 ba. Baya toka mai duhu kamar allo, launi ɗaya babu ɗigo, gaba ruwan ƙasa mai haske da baƙaƙen zane masu kauri daga maƙogwaro har ciki. Bisa reshen da ke saman ruwa yake zama, in ya tsorata ya miƙe baki sama ya sandare. Abin da ake ɗauka a matsayinsa shi ne ɗan bana na wani zalɓen, Butorides striata, wanda shi ma ke da zane a gaba. Bambancin a baya yake: ɗan Butorides ruwan ƙasa ne da fararen ɗigo a fiffike, ya kuma fi girma, wajen 40.

Sai kajin ruwa. Baki kawai za ka duba. Ja da rawaya a tsini, ta kullum ce. Rawaya da ja a bisa doron baki kaɗai, kuma tsuntsuwar ƙarama, ita ce Paragallinula angulata, baƙuwar damina. Jan baki, shuɗin goshi, jajayen ƙafafu, jiki shuɗi da tsanwa, Porphyrio alleni ke nan. Ƴan banansu duk ruwan ƙasa ne, a bar su sai an ga babba. Da asuba ko bayan la'asar sakaliya suke fitowa gefen ciyawa, da rana ba ka ganin komai. A irin wurin nan ake samun Rostratula benghalensis, mai farin zobe a ido da farin layi a kafaɗa kamar igiyar jaka. A wurinsu macen ce mai ado, wuya ja-ja, namijin ne dusashe kuma shi ke kwanci, kada a rubuta su iri biyu.

A tudu kuma, inda fara ta yi yawa a gefen gonakin hatsi, akwai Butastur rufipennis, shaho mai jan fiffike da baƙin tsini, da Chelictinia riocourii, fari da toka, wutsiya mai rassa biyu kamar tsattsewa, yana tsayawa cak a iska.

Wanda kowa ke so shi ne yautai mai ruwan zinariya, Caprimulgus eximius, na busasshen fili mai gajeriyar ciyawa arewa da Tawa. A nan ake yawan yin kuskure, don hasken mota na mai da kowane yautai rawaya. Na gaskiyar jikinsa zinariya ne da ƙananan ɗigo masu ruwan toka kamar an yayyafa, da babban fari a fiffike da kusurwar wutsiya. Caprimulgus inornatus ma na da mai jan launi, amma jikinsa sumul yake babu yayyafin. Sau da yawa a bisa gudron ake samun wanda mota ta buge. In an samu, a buɗe fiffike ɗaya a ɗauki hoto sama da ƙasa, a buɗe wutsiya a ɗauka, a aje bik, wato alƙalami, kusa don awo. Tafiyar dare a wannan hanya ba abin yi ba ce a halin da ake ciki, kuma ko da rana a tambayi hukuma da mutanen gari kafin a bar gudron.

Mai Jumel

Gaskiyar Baba Ba'adare ce. Na ƙara ɗaya da ke ƙofar gidanka, Malam, ba sai ka yi tafiya ba: Prinia fluviatilis. Sai a 1974 masanin tsuntsaye Claude Chappuis ya bayyana ta a matsayin iri na daban, kuma da kuka ya gane ta, don a ido kusan ɗaya take da Prinia subflava da ke kowane lambu. Ƙaramar tsuntsuwa ce mai doguwar wutsiya a ɗage, tana zama a ciyayi da ƙananan itatuwan bakin kogi masu ƙafa cikin ruwa. Ana cewa ta fi toka a baya, ta fi fari a ciki, babu ja-ja a haƙarƙari. Haka ne, amma da damina subflava ma tana sa kayan aure, ta ƙara toka, jan haƙarƙarin ya ragu. Hoto a Agusta ba ya isa shaida.

Kuka ne shaida. Na fluviatilis siriri ne, sama, yana ƙara kamar an buga ƙaramin ƙarfe, tsiyet-tsiyet-tsiyet a jere. Na subflava ya fi kauri da kaushi, da ɗan gurzawa a kowane sauti. Yanzu ne lokacin ɗauka don suna cikin rera waƙa. Ka matsa mita 10 zuwa 15, ka juya gindin salula inda makirfo yake wajen tsuntsuwar, ka ba iska baya, ka tsaya cak, don takun bot da shafar riga sun fi kukan ƙarfi a cikin rikodin. Daƙiƙa 30 zuwa 60 ba yankewa. A ƙarshe ka faɗi rana da sa'a da wuri da bakinka. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, yana matse sautin ya yanke na sama, wanda shi ake buƙata. Tura fayil ɗin yadda yake. A xeno-canto, shafin intanet na kukan tsuntsaye, akwai kukan iri biyun, ka saurara ka gwada. Manhajojin da ke faɗin sunan tsuntsu daga kuka sun fi sanin na Turai da Amurka, abin da suka faɗa a bakin kogin Isa shawara ce kawai.

Kada a kunna mata kukan don ta fito. Mai sheƙa ce yanzu, tana barin ƙwai ta zo faɗa.

Malamar SVT

Saura yadda za a rubuta, don tsuntsun da ba a saba gani ba in babu bayani mai kyau masu tantancewa ba sa karɓa.

A rubuta a kaye, wato littafin rubutu, a wurin, kafin a buɗe littafin tsuntsaye. Da zarar ido ya ga zanen littafi, sai ƙwaƙwalwa ta soma ƙara abin da ba a gani ba. A sa rana, sa'a, wuri da lambobin GPS daga salula, tazara, inda rana take, da minti nawa aka yi ana kallo. Girma a gwada da tsuntsun da ke kusa, a ce ya fi kurciya, bai kai hasbiya ba, ya fi a ƙiyasta santimita da ido. Sai baki, ƙafa, gira, ƙugu, saman fiffike da ƙasansa, wutsiya, kuka, da abin da yake yi. Abin da ba a gani ba a rubuta ba a gani ba. Layin ƙarshe shi ne mafi amfani: wane na gida ne ya yi kama da shi, kuma me ya hana ya zama shi.

Hoto da salula ta cikin jumel yana yiwuwa. A naɗe robar ido ɗaya, a jingina jumel bisa turke ko gwiwa, a saita shi kan tsuntsu tukuna, sannan a kawo idon salula tsakiya har baƙin da'irar ya buɗe. Zum kada ya wuce sau 2, fiye da haka hoton na narkewa. Bidiyo na daƙiƙa 20 ya fi hoto goma, don a ciki ake tsayar da inda fiffike ya buɗe. Kada a ɗaga jumel ko salula wajen gadar Kennedy da sauran gadoji, ko filin jirgi, ko bariki. Bayan fita kuma a goge jumel a bar shi ya sha iska a inuwa, kada a rufe shi da laima cikin jaka, in ba haka ba fumfuna na tsira a cikin gilashi kuma ba ta gogewa daga waje.

A eBird, shafin intanet da ake rubuta tsuntsayen da aka gani, a sa jerin duka tsuntsayen da aka gani da adadinsu, har balbela da kurciya, ba baƙon kaɗai ba. In ganin na farko ne ga ƙasa ko yanki, mujallar Malimbus ta masana tsuntsayen Afirka ta Yamma na buga irin wannan gajeren bayani. Banda guda: ungulu da mikiya. Tun 2015 Necrosyrtes monachus da Gyps rueppelli suna cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma ana farautarsu don sayar da kai da ƙafafu. A rubuta sunan gari mafi kusa, kada a sa lambobin iccen da suke kwana ko sheƙa, kada kuma a sa hoton da ke nuna wurin a Facebook. Haka ma sheƙar gauraka, don ana kwashe ɗiyanta a kai gidaje.

Garken shamuwar nan kuma, Malam, in da hali ka ƙidaya shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sa'a ɗaya, daga wuri ɗaya, ka ware manya da ƴan bana. Ka ci gaba har ranar da ka je ba ka tarar da ko ɗaya ba, wajen Oktoba ko farkon Nuwamba, ita ma ka rubuta ta da sifiri.